Amsa: Ƙaurace wa Amazon daga Garwa

Malam, ka tambaya ko mu a nan Garwa, Kamaru, za mu iya ƙaurace wa Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet. Dalili kam akwai. A 2024 CNIL, hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, ta sanar da tarar Yuro miliyan 32 a kansu, saboda na'urorin da ke bin diddigin ma'aikatan ɗakunan ajiya daƙiƙa-daƙiƙa. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Wuyar ita ce madadi. Jumia, mai sayar da kaya ta intanet a Afirka, ta rufe a Kamaru tun 2019. Littattafan likitancin ɗiyata sai ɗan'uwana a Faransa ya saya ya aiko. Ko ka daina saye ma, shafukan intanet da yawa a kan AWS suke, wato manyan kwamfutocin haya da ake ɗora shafuka a kansu, kuma na Amazon ɗin ne. Ni dai kayan waya na koma kasuwa, littafi kuwa nakan fara neman na hannu tukuna.