Tambaya da Amsa: Injin ruwa na tashi da safe, da yamma ya ƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya. Ni mai gyaran wuta ne nan unguwar Zariya a Maradi. Kawuna ya sa na haɗa mishi Home Assistant, manhajar sarrafa kayan wutar gida, a kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 don injin foraj ya riƙa cika shato da kanshi, na rubuta umarni biyu daban, ɗaya 06:30 ɗaya 18:30. Na safe yana tashi lafiya lau amma na yamma ko sau ɗaya bai taɓa tashi ba kuma wallahi rubutun iri ɗaya ne. Sai wani abokina ya turo min gyara ta WhatsApp na kwafa na liƙa da talho, to yanzu komai ma ya tsaya, kawu har ya fara cewa a maida ma yara aikin kunnawa. A taimaka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ma kawu ya ɗan yi haƙuri, injin lafiyarshi ƙalau, matsalar tana cikin rubutu.

Fayilolin da kake taɓawa, configuration.yaml da automations.yaml, da wani tsarin rubuta saiti mai suna YAML ake rubuta su, shi kuma YAML yana da wata tsohuwar ɗabi'a, in ya ga lambobi da ɗigo biyu a tsakani ba tare da alamar zance ba sai ya ɗauka lissafin sittin-sittin ne. Wato 18:30 ɗinka shi a wurinshi 18 sau 60 ne a ƙara 30, ya zama 1110, Home Assistant ya duba ya ga wannan ba lokaci ba ne sai ya ajiye umarnin gefe. Na safen ya tsira ne kawai don ya fara da sifili, lambar da ta fara da 0 ba ya yi mata wannan lissafin. Shi ya sa kake ganin iri ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Ka rubuta "18:30:00" cikin alamar zance, shi ma na safen ka sa mishi. Haka kalmomin on da off, in ka bar su tsirara YAML zai maida su gaskiya da ƙarya, sai ka wuni kana neman abin da ya hana fitila kamawa, to su ma "on" da "off" ake rubutawa.

Sai abin da ka liƙo daga WhatsApp. A YAML tazarar da ke farkon layi ita ce ke nuna wane layi ke ƙarƙashin wane, galibi tazara biyu-biyu ake sawa, kuma an haramta maɓallin Tab kwata-kwata. Rubutun da ya bi ta talho sau da yawa tazarar nan takan ɓace ko ta ƙaru, wani lokacin ma allon talho ya lanƙwasa alamar zance ta koma wata iri da manhajar ba ta ganewa, ido ba zai gani ba. Ka samu kwamfuta ko ta aro ce, ka shiga homeassistant.local:8123, ka buɗe File editor ka goge duk abin da ka liƙa ka sake bugawa da hannunka. Saƙon kuskuren da ke fitowa yana faɗin lambar layi, ka duba layin da kuma wanda ke samanshi don sau tari can ne ɓarnar take. Kuma daga yau kar ka sake tada na'urar sai ka shiga Developer tools ka danna maɓallin binciken saiti ya nuna maka lafiya, sannan kafin ka taɓa fayil ka ajiye kwafinshi.

In ka ci karo da misalai a intanet wani na kiran aikin da umarni zai yi service wani action, kar ka rikice, a 2024 ne aka canza sunan kuma tsohon har yanzu yana aiki.

Amma ni abin da ya fi damuna ba ka ma tambaye shi ba, wato ɗaukewar wuta, mu da muka san yadda ake fama da ita lokacin zafi. In ƙarfe 18:30 ta yi babu wuta, Home Assistant ba ya ramawa in ta dawo, lokacin ya wuce kenan sai gobe. Wanda ya fi wannan muni, in ka rubuta a kunna inji a jira minti 20 a kashe, sai na'urar ta mutu a tsakiyar jiran, to ta manta da batun kashewa, wuta na dawowa inji na iya ci gaba da zuba har ruwa ya malale tsakar gida ko ya yi ta juyi babu ruwa ya ƙone. Don haka kar ka bar kashewa a hannun fayil kaɗai. Ka sa flotar, wato makunni mai yawo kan ruwa, a cikin shato ya riƙa yanke inji in ya cika, makunnin da ka sa kuma ka saita shi ya tashi a kashe duk sanda wuta ta dawo, in manhajar Tasmota ke kan makunnin akwai PulseTime da ke kashe shi da kanshi bayan lokacin da ka yanka. Kai mai wuta ne ba sai na faɗa maka ba, ƙaramin makunnin Sonoff mai amfiya 10 ba a ɗora mishi injin foraj kai tsaye, kontakta za shi ja, wato babban makunnin da zai ɗauki nauyin injin.

Ita ma Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir, daga intanet take ɗauko lokaci, kuma katin memori ɗinta na lalacewa in ana yawan yanke mata wuta. In gidan akwai sola ka jona ta a batir ita da rauta, ka tabbata yankin lokaci Africa/Niamey ne.

TAMBAYA: Malam ina gajiya. Ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, fitilun ƙofar gidanmu nake so su riƙa kamawa da magariba amma lokacin sai matsawa yake, ko dole duk wata in canza lambar?

AMSA: Ba gajiya ƴata. Ba sai kin canza ba, ki bar agogo ki ɗaura umarnin da rana, a wurin abin da ke tada umarnin ki rubuta kalmar sun, wato rana, sannan event: sunset, in kina so su kama minti goma kafin faɗuwar rana ki ƙara offset: "-00:10:00". Ki dai duba taswirar da ke cikin saiti ki ga alamar gida tana kan Maradi, wajen 13.5 arewa da 7.1 gabas, don in tana wata ƙasa to da magaribar can fitilunku za su riƙa kamawa.