Karatun Lauya: Shin Dokar Kasuwanci Tana Da Riba?

TAMBAYA: Salam Barista. Ina aji uku a karatun lauya, babana ɗan Kantin Kwari ne, ya dage sai na maida hankali kan dokar kasuwanci, ni kuma gani nake duk zaman ofis ne da takardu. Meye shawararka? Ɗaliba daga Kano.

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata. Gaskiya Baba yana da hujja. Ki duba 'yan kasuwarmu, mutum zai ba da kayan miliyoyi bashi ba takarda ba shaida, abokai su haɗa jari su buɗe shago da baki kawai, sai an zo rabon riba ko ɗaya ya rasu magada su taso, sannan a fara neman lauya ido rufe. Wannan abu yana ci min rai sosai.

Ki riƙe dokar kwantiragi da ta kamfanoni da kyau, musamman dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA ta 2020, wadda yanzu ta ba mutum ɗaya damar yin rijistar ƙaramin kamfani a CAC, hukumar rijistar kamfanoni. In kin je makarantar horar da lauyoyi, ko reshenta na Bagauda aka tura ki, dole ki yi kwas ɗin harkar kamfanoni, ba zaɓi. Kotu kuma za ki shiga, rigimar bashi ba ta ƙarewa. In kin haɗa da ilimin mudaraba (ɗaya ya ba da jari, ɗaya ya juya) da musharaka (haɗa jari), bankunan Musulunci irin Jaiz suna buƙatar irinki.