Tambaya da Amsa: An ɗora mini darasin ilimin awo, ta ina zan kama shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon malami ne a wata kwalejin kimiyya da fasaha a Arewa. A wannan zangon an ba ni darasin ilimin awo ga ɗaliban injiniya. Takardun da na gada cike suke da ma'anoni da jadawali, ɗalibai kuma sun ɗauke shi darasin hadda, har wasu na cewa ai tun suna firamare suka iya riƙe rula. Kayan aikinmu ba su da yawa. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata su fita da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi riƙo da hannunka. Na jima ina aikin tantance ma'aunai kafin in shiga aji, kuma wannan darasin da mutane ke gudu shi na fi ƙauna. Shawarata ta farko, ka ajiye takardun nan a makon farko. Samo guntun rodi ɗaya da maikuromita ɗaya, wato ma'aunin kauri da ake murɗawa. Kowane ɗalibi ya zo shi kaɗai ya auna kaurin rodin, ya rubuta a 'yar takarda, ya naɗe ya miƙo maka. Idan sun gama sai ka zuba lambobin duka a kan allo.

Za ka ga aji ya kaure da musu. Wani ya samu milimita 12.48, wani 12.51, wani ya rantse 12.98 ne domin ya ƙirga layin rabin milimita da bai gama fitowa ba, bai sani ba. Wani bai duba ko ma'aunin yana kan sifili ba, wani ya murɗe shi da ƙarfin tsiya maimakon ya bar ɗan kan nan mai ƙas-ƙas ya tsayar da shi. Sai ka tambaye su: rodi ɗaya, ma'auni ɗaya, to lambar wa za mu ɗauka? Kada ka ba su amsa ranar. Bar su su kwana da ita, domin duk abin da za ka koyar har ƙarshen zango amsar wannan tambayar ce.

Abu biyu nake so ɗalibi ya riƙa nema a jikin kowace lamba: isnadinta, da iyakar kokwanton da ke tattare da ita.

Isnadi ba ya yi wa ɗalibanmu wuyar ganewa, don sun taso sun san ba a karɓar hadisi sai an ji wane ya karɓo daga wane. Haka awo yake. Maikuromitarka an gwada ta da tubalan awo na ƙarfe, wato 'yan guntayen da aka san kaurinsu daidai, tubalan an gwada su da waɗanda suka fi su a wani ɗakin gwaji, waɗancan kuma an kai su cibiyar awo ta ƙasa an auna su da hasken lesa, har a dangana da ma'anar mita ita kanta. A kowace gaɓa akwai takardar shaida mai kwanan wata da kokwantonta. Idan gaɓa ɗaya ta ɓace, isnadi ya yanke, lambar ta zama ji-ta-ji-ta komai kyan na'urar. A Najeriya, cibiyar awo ta ƙasa tana Enugu a ƙarƙashin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, awon ciniki kuma, irin su famfon gidan mai da sikelin kasuwa, yana hannun sashen awo da ma'aunai na ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya. Ya kamata ɗalibi ya san waɗannan ƙofofin biyu kafin ya fita.

A nan ne tarihi ke da amfani, amma ka ba shi a matsayin labarin tushen isnadi, kada ya zama abin hadda. Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a Yarjejeniyar Mita a Paris, aka kafa ofishin awo na duniya, BIPM, a Sèvres kusa da birnin. Daga 1889 har zuwa 2019 kilo ɗaya yana nufin nauyin wani curin ƙarfe na filatinom da iridiyom, tsawonsa kamar milimita 39, da ke kulle a can. Da aka riƙa kwatanta shi da kwafinsa sai aka ga sun saɓa da kusan maikurogiram 50 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a cikin ƙarni guda, kuma babu mai iya cewa wanne ne ya motsa, tunda shi ne alƙali kuma shi ne abin tuhuma. Shi ya sa a Nuwamba 2018 aka kaɗa ƙuri'a a Versailles, daga 20 ga Mayu 2019 kuma kilo ya koma dogaro da tsayayyar lambar Planck. Mita ta riga shi tun 1983, lokacin da aka tsayar da gudun haske a kan mita 299,792,458 a daƙiƙa, ita kuma daƙiƙa tun 1967 ake ƙirga ta da kaɗawa 9,192,631,770 na ƙwayar zarrar siziyom. Awa ɗaya ta ishe ka wannan.

Kokwanto shi ne inda za ka zauna ka yi makonni, kuma nan ne malamai da yawa ke tsallakewa don lissafin ya ba su tsoro. Ka fara raba musu shi da kuskure. Wanda ya rubuta 12.98 kuskure ya yi, ana gyara shi. Kokwanto kuwa shi ne abin da ya rage bayan ka yi komai daidai, kuma faɗinsa ba abin kunya ba ne, shi ne alamar mai awo ya san aikinsa. Littafin jagora da duniya ke bi a kai, wanda ake kira GUM, ya fito a 1993, kuma ana samunsa kyauta a shafin BIPM. Kada ka miƙa musu shi gaba ɗaya, zai kashe musu gwiwa. Koma kan rodin nan. A ce ɗalibi ya auna sau 10, matsakaici ya ba shi 12.49, warwatsuwar awon kuma 0.02. Raba 0.02 da tushen murabba'in 10, ka samu 0.006. Wannan daga maimaici ya fito. Sai abin da maimaici ba zai taɓa nuna maka ba: takardar shaidar maikuromita ta ba da 0.002, ƙanƙantar layukanta kuma ta ƙara kamar 0.003. Ba a tara su kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, a ɗauki tushen murabba'i, sai a samu 0.007. Ninka biyu domin amincewar kusan kashi 95 cikin ɗari, ka samu 0.014.

To yanzu sai ka ɗora musu hukunci. Mai zane ya ce rodin ya zama 12.50, kada ya gaza 12.48, kada ya wuce 12.52. Awonmu 12.49 ne, da ɗauri ko ragin 0.014. Ya ci ko ya faɗi? Wanda ya kalli lambar kaɗai zai ce ya ci. Wanda ya kalli kokwanton zai ga ƙasansa ya taɓo 12.476, wato ya leƙa waje. A masana'anta wannan ce tambayar da ake biyan mutum albashi a kanta, kuma ranar da ɗalibi ya tsaya ya yi jim a gabanta, darasinka ya shiga.

Ka kuma yi amfani da ƙasar da muke ciki, domin zafinmu malami ne da ba a biyansa. An yarda tun 1931 cewa awon tsawo na masana'antu a kan digiri 20 ake faɗinsa. Ƙarfe yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.0115 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya, alminiyom kuma ninkin haka. A ɗakin aikin da ya kai digiri 40 a watan Afrilu, sandar ƙarfe mai mita ɗaya ta ƙaru da kusan rubu'in milimita. Abin da ke burge ɗalibai shi ne, in da ma'aunin ƙarfe ka auna ƙarfe, su biyun tare suke miƙewa, ɓarnar kaɗan ce. Amma ka auna alminiyom da shi, bambancin zai fito fili. Ba su guntu ɗaya su auna da sanyin safiya, su sake da azahar. Fetur ma haka: yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, don haka tankar lita 33,000 da zafinta ya sauya da digiri 10 za ta nuna bambancin lita kusan 300 ba tare da an ɗebi ko ɗigo ba. Shi ya sa ake mayar da lissafin mai kan digiri 15. Nawa aka yi rigima tsakanin direba da mai gidan mai a kan abin da ma'aunin zafi zai raba?

Game da ƙarancin kayan aiki, kada ya karya maka zuciya. Tura ɗalibai uku kasuwanni uku su sayo mudu, a cika su da gero ɗaya, a ɗora a sikeli. Nan take za a fara gardamar ko a shafe baki ko a yi tsororo, a girgiza ko kada a girgiza. Wannan gardamar ita ce babin da littattafai ke kira fayyace abin da ake aunawa, kuma rabin rikicin awo daga nan yake tasowa. Babu ɗalibin da bai san gargaɗin Suratul Muɗaffifina a kan tauye mudu ba. Abin da za ka ƙara masa shi ne, mutum yana iya tauye wa jama'a da zuciya ɗaya idan ma'auninsa ba shi da isnadi. Ka nemi jami'an awo na jiharku su zo da gwangwaninsu na lita 20 ɗalibai su ga yadda ake gwada famfo. In da hali, kwalejin ta sayi ƙaramin akwatin tubalan awo ɗaya da duwatsun nauyi masu takardar shaida. Waɗannan sun fi na'ura mai tsada da babu wanda ya san ranar da aka duba ta.

Wani abu da ma'aikata ma ke cakuɗawa, kuma za ka ci karo da shi idan aka gayyace ka horar da masu aiki: tantancewa daban, saiti daban. Tantancewa ita ce ka kwatanta na'ura da abin da ya fi ta, ka rubuta bambancin. Saiti shi ne ka taɓa ta. Wanda ya yi saiti kafin ya rubuta yadda ya same ta ya goge shaidar duk abin da aka auna da ita a watannin baya. Duk ɗakin gwajin da ke neman amincewa a ƙarƙashin ƙa'idar duniya ta ingancin ɗakunan gwaji, ISO/IEC 17025, za a tambaye shi wannan, don haka ka nuna wa ɗalibai takardar shaida ta gaske su koyi karanta ta layi-layi.

Sai batun maki, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Na taɓa karɓar rahoton gwajin lilo, wanda ake rataye nauyi da zare ana ƙirga kaiwa da komowarsa, daga wani rukuni, duka sun samu ƙarfin jan ƙasa 9.81 cif. Ai kuwa a yankinmu, kusa da layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, abin bai wuce kusan 9.78 ba. 9.81 ɗin na ƙasashe irin su Jamus ne, daga littafi suka ɗauko suka gyara lambobinsu su dace. Wannan bambancin ma ba wasa ba ne: sikelin lantarki da aka saita a Jamus aka kawo Kano ba a sake saiti ba zai rage kusan giram 3 a kowane kilo. Ban ga laifin yaran sosai ba, don an saba musu cewa maki na wanda ya dace da littafi ne. Kai ka juya abin. Su rubuta da biro a littafin gwaji, in sun yi kuskure su ja layi ɗaya a bar shi ana gani, kuma ka sa hannu a shafin kafin su bar ɗakin. Ka faɗa musu tun ranar farko cewa wanda ya kawo 9.6 da ɗauri ko ragin 0.3, ya kuma bayyana cewa agogon hannu da tsawon zare ne suka jawo haka, zai fi mai 9.81 tsirara maki, sannan ka cika alkawarin a rahoton farko da za ka duba.