Ƙarfen baranda a bakin teku

Isuhu, ka tambaye ni me ya sa na hana a yanka baƙin ƙarfen da ke shago don barandar masaukin nan na sabbin ma'aurata da ke bakin teku a Legas, alhali da shi muke ƙera ƙofofin Samaru da Tudun Wada, suna shekara da shekaru lafiya lau.

Yanayin Zariya ne ya rufa mana asiri, ɗana. Nan hunturu na busar da komai. Can kuwa iskar kanta gishiri take ɗauke da shi. Kowace lita ta ruwan teku tana da kusan giram 35 na gishiri, igiyar ruwa ta fesa shi sama, iska ta shafa wa ƙarfe dare da rana, ga laima da ba ta yankewa. Ko jan fenti nawa ka zuba, tsatsa ta bakin walda take shiga, ta ci ta ciki, fentin ya kumbura ya ɓare. Kuma ƙarfen da amarya da ango za su jingina a kai ne, a saman bene.

Shi ya sa na ce sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, shi ma nau'in mai lamba 316. Wanda ya cika kasuwa 304 ne, na tukwane da kwanuka; ya sha iskar gishiri sai ka ga ɗige-ɗigen tsatsa. Na 316 an haɗa masa wani sinadari, molibdenam, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke tare gishirin. Ido ba ya bambance su, don haka ka duba hatimin da ke jikin bututun kafin mu biya. Sandar waldar ma 316L, noti da ƙusoshi duk irinsa. Faifan giranda da buroshin da suka taɓa baƙin ƙarfe kada su kusanci wannan aiki, garin da za su bari a jikinsa shi zai fara tsatsa.

Wurin kuma, irin su Tarkwa Bay, sai a jirgin ruwa ake zuwa. Ka manta noti ɗaya, ka yi asarar wuni. Mutanen da ke can shiru suka biya kuɗi su samu, ba wanda zai yarda mu tayar musu da janareta da giranda a tsakiyar amarci. Za mu gama walda da gogewa a nan, mu huda ramukan, mu rubuta wa kowane yanki lamba, can ɗaurawa kawai za mu yi.

Je ka ɗauko takardar awon mu sake bi kafin azahar, sannan a kira mai bututun.