Me Ke Kashe Ƙwayoyin Maniyyi Tun Suna Cikin Maraina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni direban tirela ne, shekarata 4 da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. An auna matata an ce lafiyarta ƙalau, ni kuwa aka ce ƙwayoyin maniyyina sun yi kaɗan domin suna mutuwa tun a cikin maraina, alhali ba ni da rauni wajen kusantar iyali. Yaya haka take faruwa, kuma akwai mafita?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na yaba maka da ka kai kanka gwaji, domin mata da yawa suna shan gori a kan matsalar da ba tasu ba. Ƙarfin kusantar iyali daban, ingancin maniyyi daban.

Ita wannan mutuwa ba cuta ba ce a asalinta. Jiki yana da tsarin da ƙwayar halitta ke kashe kanta idan ta samu naƙasu ko ta zama rara, wanda masana suka raɗa wa suna afoftosis a 1972. A cikin maraina akwai ƙwayoyin Satoli masu renon 'ya'yan maniyyi, kuma kowace tana da iyakar adadin da za ta iya ciyarwa, don haka ake rage sauran, kamar yadda manomi ke cire gero a rami ya bar masu ƙarfi. Matsala tana zuwa ne idan cirar ta wuce kima har ta haɗa da masu lafiya.

Zafi yana cikin manyan abubuwan da ke jawo haka. Maraina suna buƙatar sanyin da ya kai digiri 2 zuwa 3 ƙasa da na jiki, kai kuwa kana yini a zaune kusa da inji, cinyoyi a matse. Haka kuma kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ya fi kama na hagu, yana tara jini mai ɗumi a wurin, kuma ana gyara shi da tiyata. Taba, maganin feshi na gona, zazzaɓi mai zafi da hangum bayan balaga duk suna taimakawa wajen jawo matsalar.

Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, saboda haka kada ka yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ka sake shi bayan wata 3, tare da ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7 kafin ranar, sannan ka nemi likitan mafitsara ya duba jijiyoyin. Kafin nan ka riƙa sa wando sakakke, kana saukowa daga mota kana miƙe ƙafa. Ina roƙonka ka guji allurar sinadarin testosteron da ake tallatawa don ƙarfin maza, domin tana rage samar da maniyyin ne, har ma tana iya dakatar da shi gaba ɗaya.