Jaririn wata huɗu yana jin ki, kuma hirarki ce ke shimfiɗa masa hanya

Assalamu alaikum. Ƙanwata da ta ce ɗanta wata huɗu, surukarta na hana ta surutu da shi wai bai san komai ba, maigida kuma na so a riƙa kunna masa katun na Turanci a waya don ya tashi da harshen, ga abin da na sani. Shekara 26 na yi ina aikin jinya a sashen yara a nan Kano, na haifi shida, yanzu jikoki nake reno a Gwammaja.

Ki shafa maɗigar yaronki. Ƙashin kai bai gama haɗewa a wurin ba saboda abin da ke ciki yana girma da sauri. Ƙwaƙwalwar jariri ranar haihuwa wajen giram 350 zuwa 400 ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba. Kafin ya shekara ta ninka, a shekara biyu ta kai wajen kashi 80 cikin 100. Amma yawancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da su ya zo duniya. Abin da ke ƙaruwa shi ne mahaɗar da ke tsakaninsu. Ni da sabuwar unguwa nake kwatanta shi: an gina gidaje, hanya ce babu. Inda ƙafa ta yawaita bi nan hanya ke fitowa, wadda aka daina bi ciyawa ta cinye ta. Masana a Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa a shekarun farko sama da mahaɗa miliyan ɗaya ke ƙulluwa a kowace daƙiƙa. Daga baya a rage marasa aiki, masu aiki kuma wani farin kitse ya naɗe su kamar robar jikin wayar lantarki, saƙo ya riƙa gudu.

Ba lokaci ɗaya sassan ke nuna ba. Na ji, na gani da na taɓi su ne kan gaba, na goshi mai riƙe hankali da danne zuciya kuwa sai mutum ya haura shekara ashirin yake kammala. Ji ma tun a ciki ya fara, a watanni ukun ƙarshe. An gwada a Amurka a 1980, aka ga jariri ɗan kwana biyu zuwa uku yana fifita muryar uwarsa kan ta wata mace. Idonsa kuma a farko ba ya gani sosai sai abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30, wato daga nono zuwa fuskarki. Allah Ya tsara abinSa.

A wata huɗun nan da yaronki ya kai ne abin ya fi ba ni sha'awa, domin yanzu sassan suka fara gaisawa da juna. Ya ji muryarki daga bakin ƙofa ya juyo da kai, kunne da ido da wuya sun haɗu ke nan. Ya ga ɗankunnenki ya miƙa hannu, ya kuskure, ya sake, har wata rana ya cafke ya kai baki. Yana kallon leɓenki yana haɗa motsinsa da sautin da ke fita. Idan ya ce "agu" kika ce "na'am, ɗan albarka", ya yi shiru ya saurara, sannan ya mayar. Wannan ba ni in ba ka ɗin shi ke ɗaure hanyar ji da ta magana.

Batun katun ɗin, ki lallaɓa ki gaya wa maigida wannan. Jariri ɗan wata shida yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba. Wata mai bincike a Kanada, Janet Werker, ta nuna a 1984 cewa 'ya'yan masu jin Turanci suna rarrabe wasu sautukan Indiyanci a wata shida zuwa takwas, amma daga wata goma zuwa sha biyu abin ya dusashe, kunne ya kama harshen gida. Shi ya sa ɗan shekara uku a Fagge yake jin bambancin kafa da ƙafa, baƙon da ya koyi Hausa da girma kuwa yana fama. A 2003 kuma Patricia Kuhl a Amurka ta sa aka zaunar da jarirai 'yan wata tara gaban masu jin Sinanci sau 12 ana musu wasa, suka kama sautukan. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan dai a bidiyo ba su kama ba. Waya ba ta jiran yaro ya amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin.

Hajiya surukarki kuma kada ki yi musu da ita. Ina zaton alkunyar ɗan fari take kare miki, kuma na san ta. Ni ma da na haifi na fari a gidan surukaina a cikin birni ko kallonsa ba na yi a gaban mutane. Sai dai gidan yawa ne, daga hannun kaka sai na goggo, yara na yi masa waƙa, ana cilla shi ana cafewa. Abin da na rage wasu sun cike. Ke kuwa kin ce ku biyu ne a gida daga safe har magariba. In kin yi shiru, wa zai yi masa magana? Ki yi alkunyarki a gaban manya, in kun koma ɗaki ki sake da shi. Kina wanke-wanke yana goye, ki riƙa faɗa masa abin da kike yi.

Akwai yarinyar da ba na mantawa. An kawo mana ita tana wata goma sha ɗaya, ba ta gwaranci, ba ta juyowa in an kira ta. Da muka bi sawu, ta yi shawara mai tsanani a makon haihuwa aka tsaya jiƙe-jiƙe a gida, ciwon ya taɓa mata ji. Wata da watanni hanyar magana na jiran sauti bai iso ba. Uwar ta yi kukan da har yau nake jin sa. Don haka ki lura: in ya wuce wata uku bai yi miki murmushi ba, ko ba ya firgita da ƙara, ko kin hango fari a tsakiyar baƙin idonsa, ko ya kai wata tara ba zama ba gwaranci, kada ki jira ranar rigakafi. Ki kai shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano a duba.

Nono zalla har wata shida, barci isasshe, kuma in yana farke ki riƙa kifa shi a tabarma na ɗan lokaci kina gabansa, wuyansa ya yi ƙwari. Yau da daddare in kin gama ba shi nono, ki kalle shi ki kira sunansa, sannan ki yi shiru ki ƙirga biyar. Ki zo ki ba mu labarin abin da ya ce miki.