Sakan 10 ga Hamilton, asibiti ga Verstappen: da wane ma'auni alƙalan Formula 1 ke yanke hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Agege ne a Legas, muna kallon tseren Formula 1 a gidan kallo ranar da ƙwallo ba ta cinye akwatin ba. Har yau musun gasar 2021 bai mutu a majalisarmu ba. A Silverstone Hamilton ya bugi Verstappen har aka kai shi asibiti, amma sakan 10 kawai aka ci shi, kuma shi ya lashe tseren. Da suka sake karo a Monza sai aka hukunta Verstappen. Wasu na cewa son kai ne, wasu na cewa a Abu Dabi aka rama masa. Don Allah da wane ma'auni alƙalan nan suke aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tushen musunku ɗaya ne: kuna auna hukuncin da ma'aunin titi. Idan danfo ta goge motarka a Oshodi, girman ɓarnar ake dubawa, wanda ya fasa fitila ya biya fitila, wanda ya lotsa ƙofa ya biya mai gyaran bodi. Alƙalan tsere ba haka suke yi ba. Abin da direba ya aikata suke aunawa, ba abin da ya biyo baya ba. Ƙungiyoyin tseren da kansu sun daɗe da amincewa da wannan tsari, domin taɓawa iri ɗaya kan iya ƙarewa da ɗan goge fenti a wata kwana, a wata kuma ta ƙare a jikin katanga.

Kafin mu je Silverstone, a raba mutum biyu da ake yawan haɗawa. Akwai daraktan tsere, wanda a 2021 Michael Masi ne. Shi ke tafiyar da fili: yaushe za a ɗaga jar tuta a dakatar da tsere, yaushe motar tsaro, wadda ke shiga gaban motoci ta rage musu gudu idan an yi haɗari, za ta fito, yaushe za ta koma. Ba ya yanke hukunci. Masu hukunci su ne alƙalan da FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ke turawa, galibi mutum huɗu, ɗaya daga cikinsu tsohon direban tsere ne, kuma ana sauya su daga wannan tsere zuwa wancan. A gabansu akwai hotunan kyamarori daga kusurwoyin da ba a nuna muku a talabijin, da muryar direba a rediyo, da bayanan da motar ke aikowa: inda ya taka birki da ƙarfin takun, yadda ya murɗa sitiyari, lokacin da ya saki totur.

A Silverstone, ranar 18 ga Yulin 2021, zagayen farko ne, a kwanar Copse wadda ake shiga da gudun da ya haura kilomita 280 a awa. Hamilton ya kutsa ta ciki, Verstappen na waje kuma ya ɗan fi shi gaba. Tayar Hamilton ta gaba ta hagu ta taɓa tayar Verstappen ta baya ta dama, motar Verstappen ta ƙungiyar Red Bull ta juya ta daki shingen tayoyi da ƙarfin da aka auna 51G, wato ninki 51 na ƙarfin jan ƙasa. Abin da alƙalai suka gani shi ne Hamilton bai manne da cikin kwanar ba alhali akwai sarari ta can. Sai suka ce mafi yawan laifin nasa ne, ba dukkansa ba. Wannan bambancin kalma shi ya sa aka tsaya a sakan 10 da makin laifi 2 a kan lasisinsa. Kuɗin motar da Red Bull ta ce ta yi asara, dala miliyan 1.8, bai shiga lissafin ba ko kaɗan.

To ta yaya mai hukunci a kansa ya ci tsere? Abu biyu suka haɗu. Na farko, haɗarin ya jawo jar tuta, kuma dokar ta yarda a gyara mota yayin da tsere ke tsaye, sai Mercedes, ƙungiyar Hamilton, suka gyara abin da ya lalace ba tare da sun yi asarar sakan ko ɗaya ba. Na biyu, yadda ake biyan hukuncin. Direba na shigowa canjin taya, motar ta tsaya cik, makanikai su tsaya da tayoyi a hannu, ba mai taɓa ta sai sakan 10 sun cika, sannan a yi aikin da bai fi sakan biyu zuwa uku ba. Wanda ya yi gaggawar taɓawa ya jawo wani sabon hukuncin. Idan kuma direba ba zai sake shigowa ba, a ƙara sakan ɗin a kan lokacinsa na ƙarshe. Yi lissafin da kanka: motar da ta fi na gabanta da rabin sakan a kowane zagaye, cikin zagaye 20 ta maido sakan 10. Hamilton ya cim ma Leclerc, direban Ferrari da ke kan gaba, ana saura zagaye uku a tashi, ya wuce shi a wannan kwanar ta Copse. Tazarar maki 33 da Verstappen ya ba shi a gasar ta dawo 8 a yini ɗaya.

Nan ne raunin tsarin yake, kuma masu ƙorafi na da gaskiya a kai. Sakan 10 ga motar tsakiyar layi na iya zubar da ita daga ta bakwai zuwa ta goma sha biyu, ga mota mafi gudu kuwa kamar cizon sauro ne. Amma wannan laifin doka ne, ba son kan alƙali ba. Red Bull sun nemi a sake duba shari'ar, aka ƙi, saboda sharaɗin sake dubawa shi ne a kawo sabuwar hujja mai nauyi wadda babu ita lokacin da aka yanke hukunci. Abin da suka kawo, har da zagayen kwaikwayo da suka sa direbansu Alex Albon ya yi daga baya, alƙalai suka ce ƙirƙirar hujja ce, ba gano ta ba.

Monza, 12 ga Satumba, ma'aunin bai canza ba, mutumin ne ya canza. Canjin tayar Verstappen ya ci kusan sakan 11, sai ga Hamilton na fitowa daga layin gareji daidai gefensa. Verstappen ya bi ta waje a kwanar farko yana neman ya samu ciki a ta biyu, sarari ya ƙare, motarsa ta hau tudun gefen hanya ta dira a kan ta Hamilton, tayar baya ta sauka a kan ƙarfen kariyar da ke saman kan Hamilton. Alƙalai suka ce Verstappen ya makara da yunƙurin, bai kai gefen Hamilton da wuri yadda zai cancanci a bar masa hanya ba, don haka mafi yawan laifin nasa ne. Tunda duka biyun sun fita, babu inda za a ƙara sakan, sai aka mai da hukuncin ja baya gurbi uku a tashin tsere na gaba. A wannan tseren na gaba kuwa, a Sochi, Red Bull suka sa masa sabon inji, wanda dama zai mai da shi ƙarshen layi, hukuncin ya bi ruwa. Ruwan sama ya sauko a ƙarshen tseren, Verstappen ya gama na biyu. Ka ga shi ma ya sha kamar yadda Hamilton ya sha.

Inda alƙalai suka yi sake a ganina shi ne Brazil. A zagaye na 48 Verstappen ya jinkirta birki a kwana ta huɗu har su biyun suka fita daga kwalta, aka ce babu buƙatar bincike. Direbobi suka fahimci cewa an buɗe ƙofa. Abin da aka shuka ke nan aka girba a Jidda bayan mako uku: sakan 5 ga Verstappen don ya yanke kwana ya riƙe matsayi, sannan sakan 10 bayan tsere don taka birkin da ya sa Hamilton ya daki bayansa lokacin da aka umarci Verstappen ya ba da hanya. A nan bayanan mota ne suka yi magana, an ga ya taka birki da ƙarfi, motar ta rage gudu ba zato. Duk da sakan 15 ɗin na biyu ya gama. Suka isa Abu Dabi kunnen doki, kowa da maki 369.5, Verstappen na gaba da yawan nasara, tara da takwas.

Abu Dabi kuma ba hukuncin alƙalai ba ne, don haka maganar ramuwa ba ta da wurin zama. Latifi, direban ƙungiyar Williams, ya daki katanga a zagaye na 53 cikin 58, Hamilton na gaba da fiye da sakan 10. Motar tsaro ta fito. Verstappen ba shi da abin asara, ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi. Mercedes ba za su iya shigo da Hamilton ba, don da ya shiga Verstappen zai zauna a waje ya karɓi gaba, kuma idan tseren ya ƙare a bayan motar tsaro kambun ya tafi. Sashe na 48.12 na dokar lokacin ya ce motocin da aka yi wa zagaye, wato waɗanda na gaba suka riga da zagaye guda, su wuce, sannan motar tsaro ta koma a ƙarshen zagaye na gaba. Masi ya bar motoci biyar kawai da ke tsakanin su biyun suka wuce, ya kuma kira motar tsaro a wannan zagayen. Da an bi rubutun yadda yake, da tseren ya ƙare ba tare da an sake sakin su ba. Sai aka samu zagaye ɗaya, sabuwar taya mai laushi da tsohuwa mai tauri da ta yi zagaye sama da 40, wanda ko yaro ya san yadda zai ƙare. Alƙalai suka yi watsi da ƙarar Mercedes a daren, amma a Fabrairun 2022 aka cire Masi, rahoton FIA na watan Maris ya kira abin kuskuren ɗan Adam, aka kuma gyara kalmar dokar ta fito fili cewa dukkan motocin da aka yi wa zagaye ne za su wuce. Verstappen bai karya doka ko ɗaya a wannan zagayen ba.

Akwai abin da majalisa ke mantawa. An gama da maki 395.5 da 387.5, tazarar 8 kacal. A Baku tayar Verstappen ta baya ta fashe yana kan gaba, ana saura zagaye biyar, ya tashi a tutar babu. Da aka sake tashi, Hamilton na daf da karɓe gaba sai yatsansa ya taɓa wani maɓalli a bayan sitiyari, wanda ake kunnawa don ɗumama birki da tayoyin gaba a bayan motar tsaro. Maɓallin na tura kusan duk ƙarfin birki zuwa ƙafafun gaba. Ya taka a kwanar farko, tayoyin gaba suka kulle suna hayaƙi, ya zarce kai tsaye, ya gama na 15. Ko na biyu ya zo maki 18 ne, fiye da ninki biyu na abin da ya rasa kambun da shi. A ɓangaren Verstappen kuma, ban da Baku da Silverstone, a Hungary kuskuren birkin Bottas, abokin Hamilton a Mercedes, ya jawo karon da ya lalata masa gefen mota, ya fita da maki 2.

Idan kuna kallo yanzu, ga abin da za ku duba kafin gardama ta kaure. A 2025 FIA ta fitar da ƙa'idojin tuƙin da alƙalai ke bi. Mai wucewa ta ciki sai tayoyinsa na gaba sun kai aƙalla daidai madubin ɗayan kafin tsakiyar kwana da kuma a tsakiyarta, yana riƙe da motarsa, ba kutse ba, kuma zai iya gama kwanar cikin farin layi. Mai wucewa ta waje sharaɗinsa ya fi tsauri, sai tayoyinsa na gaba sun wuce na abokin karawarsa a tsakiyar kwanar. Don haka idan an maimaita hoton, ku nemi wanda aka ɗauka daga sama, ku tsayar da shi daidai inda motoci suka fi kusa da cikin kwanar, ku dubi taya da madubi. Tun 2024 sakan 10 ne hukuncin farko na jawo karo, ana ragewa idan akwai uzuri, zagayen farko kuma ana yi masa sassauci saboda cunkoso. Makin lasisi na taruwa, 12 cikin wata 12 na nufin zaman tsere ɗaya a gida, kamar yadda ya faru da Kevin Magnussen a Baku a 2024. Takardar kowane hukunci kuma ana sa ta a shafin FIA na intanet jim kaɗan bayan an yanke, da lambar motar, da sashen dokar, da dalilin alƙalai, yawanci shafi ɗaya ne.